Albashin ba ya kai ni ƙarshen wata: in ajiye aikin ko in jira?

Wani magidanci ɗan shekara 31 ne ya rubuto daga Kano, ga abin da ya ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Ina da babbar difloma a fannin kasuwanci, na yi hidimar ƙasa, kuma yau shekara 3 ke nan ina aikin rubuta shige da ficen kaya a siton wata masana'antar roba da ke Sharaɗa. Albashina naira 60,000 ne a wata. Daga Rijiyar Lemo nake zuwa, Litinin zuwa Asabar, bakwai na safe zuwa shida na yamma. Kuɗin adaidaita yana cin naira 1,000 a rana, abincin rana kuma 500. Ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma da ɗan ɗinkin da maiɗakina take yi a gida muke cike giɓin cefane. Nan da wata 4 kuɗin haya zai cika, naira 180,000, abin da na tara a adashi kuwa 70,000 ne. Na roƙi ƙari sau biyu, an ce in yi haƙuri. Wani abokina mai shago a kasuwar Singa ya ce in na bar aikin in zo mu ga abin da za a yi. Mahaifina ya ce kada in saki reshe in kama ganye, ni kuwa gani nake muddin ina wurin nan ba zan taɓa samun lokacin neman wani aiki ba. In ajiye ne in fuskanci nema, ko in ci gaba da haƙuri?"

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tun da tambayarka a fili take, bari amsar ma ta zo a fili tun farko: kada ka ajiye aikin nan a halin da kake ciki yanzu. Sai dai ba irin haƙurin da aka saba ba mutane nake ba ka ba, wato ka runtse ido ka ci gaba da zuwa har abin da hali ya yi. Abin da nake nufi shi ne ka fara shirin barinsa tun daga wannan makon alhali kana cikinsa, domin lissafin da ka aiko ya nuna cewa aikin ba zai riƙe gidanka ba, kuma shi dai wannan lissafin ya nuna cewa fita hannu rabbana za ta fi zaman ciwo.

Kukanka ba na raina ni'ima ba ne, kuma kada ka bari wani ya sa ka ji kamar butulci kake yi. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai 1,000 a gidajen mai da dama, kuɗin mota da na abinci suka rufa mata baya. Wannan tsadar ce ta sa aka ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa daga naira 30,000 da aka tsayar a 2019 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024. Ke nan kai, mai babbar difloma da shekara 3 a bakin aiki, kana karɓar ƙasa da abin da doka ta yanka wa wanda aka ɗauka jiya.

To, mu zauna da alƙalummanka. Kwana 26 kake fita a wata, adaidaita ta ɗauke 26,000, abincin rana ya ɗauke 13,000, abin da ke isa gida 21,000 ne. In aka yi wa aikin adalci, abincin rana ba asara ba ce gaba ɗaya, domin ko a gida kake sai ka ci, saboda haka ainihin abin da aikin yake ba ka yana kusa da 34,000. Kuɗin haya kuma da sauran 110,000, wato 27,500 kowane wata har wata 4, abin da ya fi ƙarfin abin da kake kai wa gida ko da iyalinka ba su taɓa ko kwabo ba. Wannan shi ne gefen da yake goyon bayanka. Amma juya lissafin ka gani: ranar da albashi ya tsaya, 70,000 ɗin adashin nan ba ta haya ba ce kuma, ta cefane ce, kuma gida mai mutum huɗu a Kano ba zai kai da ita wata biyu ba. Sannan shi kansa neman aiki kuɗi yake ci, akwai mota zuwa Bompai yau, gobe Challawa, akwai kati da data, akwai buga takardu da hotuna. Sai wata na huɗu ya same ka babu albashi, babu adashi, ga mai gida a ƙofa. Mutumin da ya kai wannan matakin ba ya zaɓen aiki kuma, duk abin da aka miƙo masa karɓa yake yi, kuma abu ne mai sauƙi ya tsinci kansa a wurin da ake biyan 45,000 yana godiya. A irin wannan ƙuncin ne kuma mutane suke faɗawa hannun manhajojin bashi na waya, masu tura wa 'yan'uwa da surukai saƙon cin mutunci idan aka yi jinkirin biya, har sai da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta far musu a 2022. A nan ne ma masu sayar da takardar ɗaukar aikin gwamnati ta bogi suke samun kasuwa, domin wanda yake zaune a gida yana kallon matarsa tana ciyar da shi ya fi kowa saurin yarda da ƙarya.

Hujjarka mafi ƙarfi ita ce ta lokaci, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Wanda yake fita kafin rana ta fito, ya dawo bayan magariba, kwana shida a mako, gaskiya ne ba shi da sararin zagaya ofisoshi. Sai dai ina so ka tambayi kanka ta wace hanya ake samun irin aikinka a garin nan. Aikin sito aikin amana ne. Mai masana'anta ko babban dila ba ya damƙa wa baƙon da ya kawo takarda a ambulan makullin ɗakin da dukiyarsa take ciki. Tambaya yake yi a tsakanin mutanensa, wa ya san yaro mai gaskiya wanda ya iya lissafi. Su wa ake tambaya? Direbobin da suke lodi a ƙofarka kowace safiya, da dilolin kayan roba na Ƙofar Wambai da suke aiko yaransu ko su zo da kansu, da masu kawo wa masana'antar kayan aiki, da akantan da yake duba littafinka a ƙarshen wata, da abokan aikinka na da waɗanda suka koma wasu wurare. Waɗannan mutanen sun shekara 3 suna ganin rubutunka, sun san ko kana cin hanci kafin ka saki mota, sun san ko kaya suna ɓata a hannunka. Babu ofishin da za ka zagaya da zai ba ka shaida irin tasu, kuma ranar da ka bar ƙofar nan ka daina ganinsu. Wato wurin da kake ganin ya hana ka neman aiki shi ne wurin da ya fi dacewa ka nemi aikin daga cikinsa.

Saboda haka ka zaɓi mutum huɗu ko biyar daga cikinsu waɗanda ka yarda da bakinsu, ka gaya wa kowannensu a keɓe, ba cikin ƙorafi ba kuma ba tare da zagin wurin aikinka ba, cewa kana neman inda ya fi, ga abin da ka iya, ga mafi ƙarancin abin da za ka karɓa. Faɗin adadin yana da muhimmanci, domin "a taimaka mini da aiki" magana ce da ake mantawa da ita kafin a kai bakin titi, amma "mai kula da sito, shekara 3, ya iya kwamfuta, daga 90,000 zuwa sama" magana ce da direba zai iya maimaitawa a gaban wani alhaji. Idan kuwa har yanzu da biro da littafi kaɗai kake aiki, ka ba koyon Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ranakun Lahadinka na wata biyu, ko a wayarka ne, domin shi ne yake raba mai rubuta kaya da wanda ake damƙa wa lissafin sito gaba ɗaya. Iyaka dai ka kiyaye amana: neman aiki ta hannun abokan cinikin masana'anta halal ne, amma fitar da farashinta ko jan masu sayenta zuwa wani wuri cin amana ne, kuma shi ne zai ɓata sunan da kake shirin ci da shi.

Game da ranakun zuwa ganawa da masu ɗaukar aiki, Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ta shafi masu aikin ƙarfi da masu aikin rubuce-rubuce irinka, ta ba wanda ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwana 6 na aiki a shekara da cikakken albashi. Ba shi da yawa, amma ya isa ganawa shida. In ba ka taɓa karɓa ba, ka nema a rubuce, kuma kada ka cinye shi a zama ɗaya.

Maganar abokinka na Singa kuwa, "ka zo mu ga abin da za a yi" kalmar kirki ce, amma ba aiki ba ce tukuna. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma mai yiwuwa shi kansa bai zauna ya yi tunanin abin da yake nufi ba. Ka je ka same shi kana da aikinka a hannu, ka tambaye shi ba tare da kunya ba: wane aiki zan yi, nawa ne a wata ko a rana, kuma daga yaushe? Ka san yadda tsarin shago yake a kasuwanninmu, sau da yawa babu albashi tsayayye, sai kuɗin cefane na yini da fatan wata rana ubangida zai sallame ka da jari, kuma wannan tsari ne da ya ɗaga mutane da yawa a Kwari da Singa, amma ya fi dacewa da saurayin da yake ci a gidansu, ba mai 'ya'ya biyu da haya a wuya ba. Idan ya ba ka amsa tsayayya, ka yi amfani da kwana biyu daga hutunka ka zauna a shagon ka ga cinikin da idonka. Idan kuwa ya ce ai mu 'yan'uwa ne, ba sai an yi wannan maganar ba, to ka gode masa, ka riƙe zumuncinku, ka cire shagon daga lissafinka. Na fi son ka rasa wannan damar da ka rasa abokin, kuma zama a ƙarƙashin aboki ba tare da an yanke magana ba yakan cinye duka biyun.

Akwai kuma abin da za ka iya yi wa albashin da kansa kafin ka tafi. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma ba ta shafi masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi ba. Masana'anta mai sito da motocin lodi da wuya a ce ba ta kai wannan adadin ba, sai dai wurare da yawa suna ɗaukar ma'aikata ta hannun ɗan kwangila ne, don haka ka fara gano sunan wa ke kan takardarka. In ma babu takardar, to doka ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3. Ka san wannan don ka san matsayinka, amma ba na ba ka shawarar ka shiga ofishin manaja kana karanta masa doka, domin inda masu jiran aiki suka yi layi a bakin ƙofa, wanda ya yi barazana shi kaɗai yakan zama na farkon fita. Roƙo na uku ya bambanta da biyun farko: ya zama a rubuce, ya ƙunshi abin da ka tsare wa masana'antar a shekara 3, ya ambaci 70,000 ɗin cikin ladabi, kuma ya ba su zaɓi. Wanda ya ƙi ƙara albashi saboda tsoron kowa zai ce a ƙara masa yakan yarda da kuɗin mota, ko ya sake ka rabin ranar Asabar, kuma a wurinka rabin Asabar ɗin kuɗi ne. Idan akwai ƙungiyar ma'aikata a wurin, ko kuna da yawa da abin ya shafa, magana da baki ɗaya ta fi aminci, kuma Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya tana da ofishi a Kano inda ake kai irin wannan kukan.

Mai gidan haya kuma ka same shi yanzu, ba ranar da kuɗin ya cika ba. Ka kai masa 70,000 ɗin nan da hannunka, ka nemi ya raba maka sauran. Zai fi saurarar mai albashi, komai ƙanƙantarsa, a kan wanda ya ce yana nema. Wannan kaɗai ya isa dalilin riƙe aikin har wata 4 ɗin nan su wuce. Ɗaukar abinci daga gida ma zai dawo maka da wani abu daga 13,000 ɗin nan, ko da yake na san ba sabon tunani ba ne a wurinka.

Ban ga inda ka ce ka zauna da maiɗakinka a kan wannan magana ba, alhali ɗinkinta ne zai ɗauki gidan idan ka zauna. Ciyarwa a wuyanka take ba a wuyanta ba, abin da take kawowa kyautatawa ce, saboda haka bai dace ta wayi gari ta ji ka yanke hukuncin da zai mayar da kyautatawar tata dole ba. Ka nuna mata alƙalumman nan kamar yadda ka nuna mini. Mahaifinka kuma, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya yi gaskiya a kan yau, sai dai ina jin bai san cewa abin da ke isa gida 21,000 ne ba. Idan ka je masa da lissafi da shiri, ba da "na gaji" ba, za ka samu albarkarsa, wataƙila ma ka samu sunan wani da ya sani. Ka yi istihara, ka yawaita addu'a, amma ka tuna cewa wanda ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkalin.

Duk wannan yana kan sharaɗin cewa ƙarancin albashi ne kaɗai matsalar. Idan aka fara riƙe albashin wata biyu ko uku, to kai kake biyan kuɗin mota don ka yi wa wani aiki kyauta, kuma babu abin riƙewa a nan. Haka nan idan aka nemi ka rubuta kayan da ba su shigo ba ko ka ɓoye waɗanda suka fita, ko hayaƙin roba ya fara taɓa ƙirjinka kuma an ƙi ba ka kariya, ko cin mutunci ya kai ga duka, ko kuɗin mota ya tashi har ya cinye fiye da rabin albashin. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan ka fita, ko da babu wani aikin a hannu. In ba haka ba, abin da zai buɗe maka ƙofa ɗayan biyu ne: ko takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da adadin albashi da ranar farawa, ko wata sana'a da ka gwada a gefe ta kawo maka abin da ya kai 34,000 wata biyu a jere. Ka ba kanka wata 6, ka rubuta ranar, ka gaya wa maiɗakinka ita don ta riƙa tuna maka. Idan ranar ta zo babu ko ɗaya, ba ajiye aiki za ka yi ba, hanyar neman za ka sake, ka duba Dawanau da Ƙofar Ruwa da manyan shagunan magani, domin duk inda ake tara kaya ana bukatar mai ƙirga su.

Ranar da tafiyar ta tabbata, ka fita ta ƙofa. Wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5 a wuri, notis ɗin mako biyu doka ta ɗora masa, a rubuce, sai dai in takardarka ta faɗi fiye da haka. Ka nemi takardar shaidar aiki kafin ranar ƙarshe, lokacin da ake bukatar haɗin kanka. Ka bincika fansho: a dokar 2014, wurin da yake da ma'aikata 15 zuwa sama ana cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 10, asusun kuma naka ne, yana bin ka duk inda ka koma, don haka in ana cire maka ka tabbatar ana zubawa. Wanda bai kai shekara 50 ba kuma ya yi wata 4 babu aiki yana iya neman kashi 25 na abin da ke ciki, amma a albashinka wannan ba kuɗin da za a jingina da shi ba ne.

Abu na ƙarshe ya shafi aikinka kai tsaye. Kada ka miƙa makullin sito sai an ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya a gaban wanda zai karɓa da wani shugaba, an rubuta adadin, ku uku kun sa hannu da kwanan wata, kuma ka tafi da kwafinka. Mai kula da siton da ya fita ba tare da wannan ba, duk abin da ya ɓata bayan tafiyarsa a kansa ake ɗorawa, a riƙe albashinsa na ƙarshe, wani lokaci har a haɗa shi da 'yan sanda, kuma labarin yakan riga shi isa sabon wurin aikinsa ta bakin direbobin da suka yi masa hanya. Ka ajiye kwafin tare da takardun makarantarka. Allah Ya buɗa maka, Ya sa albarka a iyali.